Filin Amsar Tambayoyi: Takardar Gwaji Ta Ce Ina Da HPV

Mafi yawan wasiƙun da suka iso mana a wannan wata a kan magana ɗaya suka zo, wato sakamakon gwajin bakin mahaifa, saboda haka na ware filin gaba ɗaya dominsu. Kamar yadda muka saba, an sakaya sunayen masu tambaya, an kuma taƙaita wasu wasiƙun saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 36, 'ya'yana biyar, kuma yau shekara 17 ke nan ina ɗakin mijina. A watan jiya an yi gwajin bakin mahaifa kyauta a wani asibiti kusa da mu, na je na yi saboda maƙwabciyata ta matsa mini, alhali ba na jin ciwon komai. Da sakamako ya fito sai ma'aikaciyar jinya ta ce an samu ƙwayar cutar HPV a jikina, in dawo a ƙara dubawa, da na tambaye ta yadda ake ɗaukarta kuwa ta ce ta hanyar saduwa ne. Likita, Allah ne shaidata ban taɓa sanin wani namiji ba in ba mijina ba. Shekara biyu da suka wuce ya ƙara aure, ya auro bazawara. Tun ranar da na karɓi takardar nan barci ya ƙaurace mini, ina zargin amaryar, wani lokaci in zarge shi shi kansa, kuma ina tsoron nuna masa takardar kada ya juyo da zargin kaina. Shin kansa ce ta kama ni? Kuma wa ya kawo mini wannan cuta?
Daga wata uwargida, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari in fara da abin da ya hana ki barci. Takardar da ke hannunki ba ta ce kina da kansa ba. Abin da ta ce shi ne an ga wata ƙwayar cuta a bakin mahaifarki, wadda idan ta daɗe sosai a wurin, kuma ba a lura da ita ba, tana iya sauya ƙwayoyin halittar wurin har wata rana su rikiɗe su zama sankara. Tsakanin shigar ƙwayar da zamanta sankara, ga macen da garkuwar jikinta ke da ƙarfi, yawanci shekara 15 zuwa 20 ne, kuma mafi yawan mata ba su kai ko kusa da nan ba, domin a cikin mutum goma da suka ɗauke ta, kusan tara jikinsu da kansa yake kawar da ita a cikin shekara biyu, ba tare da sun sha magani ko sun ma san ta shiga ba.

HPV dangi ne babba, yana da nau'i sama da 200. Wasu tsiro kawai suke fitarwa a hannu ko ƙafa, wasu kuma, musamman masu lamba 6 da 11, su ne ke fito da ƙananan tsiro a al'aura, waɗanda ke da ban haushi amma ba su zama kansa. Kimanin nau'i 14 ne ake yi wa kallon masu haɗari, kuma a cikinsu biyu, wato lamba 16 da 18, su ne ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa a duniya. Wani masani Bajamushe mai suna Harald zur Hausen ne ya gano waɗannan biyun a cikin tsokar sankara a 1983 da 1984, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Idan kin koma asibiti, ki tambaya ko na'urar da ta yi gwajinki ta fayyace nau'in da aka samu, domin sanin haka yana taimaka wa likita wajen yanke matakin gaba.

Tambayarki ta biyu ita ce mai nauyi, kuma ita ce na fi son ki natsu ki karanta. Gaskiya ne ma'aikaciyar jinyar ta faɗa miki, ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar, ko ma haɗuwar fatar al'aura da fatar al'aura kawai. Sai dai akwai abin da ba ta samu lokacin ƙara miki ba. Wannan ƙwaya ta yawaita a tsakanin 'yan Adam har masana ke cewa kusan duk wanda ya taɓa kusantar iyali zai haɗu da ita aƙalla sau ɗaya a rayuwarsa, namiji ne ko mace, mai aure ɗaya ne ko mai huɗu. Bayan haka tana iya lafewa a jiki shekara da shekaru, gwaji bai ganinta, sai can wata rana da garkuwar jiki ta ɗan yi rauni, saboda juna biyu ko jinya ko girma, ta sake bayyana. Ke kuma wannan ne gwajinki na farko a rayuwa, don haka babu wata tsohuwar takarda da za a kwatanta da ita a ce a bara babu, bana akwai. Yana yiwuwa ta shiga jikinki tun farkon aurenki, yana yiwuwa kuma a 'yan shekarun nan ne. Babu wani gwaji a duniya da zai nuna ranar da ta shiga, ko daga jikin wa ta fito.

Ba zan ce miki ba daga wurin amarya ta zo ba, domin ban sani ba, kuma duk likitan da ya rantse miki a kan haka, ko a kan akasin haka, ya faɗi abin da ba shi da iko a kansa. Amma ki ɗauka ma daga wurinta ne. Mace ce da ta yi aure na sunna, auren ya ƙare, ta sake yin wani na sunna, tana ɗauke da abin da ba ta gani, ba ta ji, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata. Ina laifinta a nan? A ƙasarmu, inda aure ke mutuwa a sake wani, inda namiji ke auren mace fiye da ɗaya, bazawara ta auri mai mata, mai mata ya auri bazawara, wannan ƙwaya tana iya zagaya gidaje da dama ba tare da ko mutum ɗaya ya taka haram ba. Na sha ganin gidan da takarda irin taki ta jefa cikin rikici, har aka kai ga yaji da kiran iyaye, a kan abin da ba hujja ba ne ko a wurin likita, balle a wurin alƙali. Ke ma kin san Alƙur'ani, a cikin Suratul Hujurat, ya umarce mu da nisantar yawan zato, kuma Suratun Nur ta gindaya shaidu huɗu kafin a jefi mace da alfasha. Takardar asibiti ba ta cikin shaidun nan.

Game da maigida, ra'ayina shi ne ki gaya masa, amma ki zaɓi wurin faɗa. Ki roƙe shi ya raka ki asibiti ranar da aka ce ki dawo, ya ji bayanin daga bakin likita, domin maganar da za ta zama tuhuma idan an yi ta a ɗaki, a gaban likita bayani ce kawai. Ita ma amarya, idan ta kai shekara 30, ya kamata ta je a gwada ta, kamar yadda ya kamata ga kowace mace mai waɗannan shekaru, ko da gwajinki bai nuna komai ba. In har za ki iya ja mata hannu ku tafi tare, kin yi mata alherin da ba za ta manta ba.

Abin da na fi jin tsoro a wasiƙarki shi ne ban ga inda kika ce kin koma ba. A ziyara ta biyun nan za a shafa wa bakin mahaifa ruwan khal mai sauƙi, a jira minti ɗaya a duba, domin wurin da ya fara sauyawa yakan yi fari, ko kuma a duba shi da madubi mai ƙara girma. Idan ba a ga komai ba, za a ce ki dawo bayan shekara ɗaya ko biyu a sake gwaji, a ga ko jiki ya kawar da ita. Idan an ga wani abu, ana iya magance shi a ranar, ki koma gida da ƙafarki. Akwai wata baiwar Allah da nake tunawa har yau, wadda aka ba irin takardarki, kunya da tsoron miji suka sa ta ninke ta ta tura ƙarƙashin akwati, ba mu sake ganinta ba sai bayan shekaru masu yawa, lokacin da jini ya ƙi tsayawa. Ina roƙonki da girman Allah ki koma a cikin makon nan.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. An samu matata da HPV. Ni ma ina so a gwada ni, kuma a rubuta mini maganin da zan sha don kada in ci gaba da mayar mata da cutar. Shin wajibi ne mu ƙaurace wa juna?
Daga wani magidanci, Daura.

AMSA: Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka ɗauki lamarin a matsayin naku ku biyu. Zuwa yanzu babu gwajin HPV da aka amince a riƙa yi wa maza masu lafiya kamar yadda ake yi wa mata, kuma babu ƙwaya ko allura da ke kashe ta a jiki. Kafso da sauran magungunan sanyi da ake saye a kemis ba su yi mata komai, domin an yi su ne don wani jinsin ƙwayoyin cuta daban, don haka kada ka ɓata kuɗinka a kansu, kada kuma ka bari mai tallan magani a mota ya karɓe maka su da sunan wankin mara. Garkuwar jikinka ce ke yin aikin, kuma a wurin mafi yawan maza tana gamawa da ita shiru.

Ma'auratan da suka daɗe tare, mafi rinjaye sun riga sun yi tarayya a nau'in da ke jikin ɗayansu, saboda haka ƙaurace wa juna yanzu ba zai mayar da hannun agogo baya ba. Kwaroron roba yana rage yaɗuwarta amma bai toshe ta gaba ɗaya, tunda bai rufe dukkan fatar wurin. Kaciya, wadda mu al'adarmu ce da addininmu, ita ma an tabbatar tana ragewa. Lokacin da ya zama dole ku haƙura shi ne idan an yi wa maiɗakinka aiki a bakin mahaifa, inda ake buƙatar kimanin mako huɗu wurin ya warke. Kai kuma, idan ka ga tsiro ko gyambon da ya ƙi warkewa a gabanka ko a dubura, ka nuna wa likita, domin ko da yake ba kasafai ba ne, ƙwayar tana iya jawo sankara ga namiji a waɗannan wurare da kuma maƙogwaro. In kana shan sigari, ka daina, ko don hayaƙin da maiɗakinka ke shaƙa. Babban taimakon da za ka yi mata shi ne izini da kuɗin mota duk ranar da aka ce ta koma.

TAMBAYA: Likita, ni malamar makaranta ce, shekaruna 31, haihuwata biyu. An yi mini gwajin Pap aka rubuta HSIL, daga nan aka ɗebi 'yar tsoka aka kai ɗakin bincike, sakamako ya dawo da CIN 2. An ce za a yi mini wani ƙaramin aiki. Ban fahimci waɗannan haruffa ba, kuma wata ƙawata ta ce duk wadda aka taɓa wa bakin mahaifa ta gama haihuwa. Ina neman ƙarin haske.
Daga wata malama, Sabuwar Unguwa, Katsina.

AMSA: Malama, haruffan nan suna firgita mutane fiye da abin da suke nufi, don haka bari mu bi su a hankali. Gwajin Pap ya samo sunansa daga likitan da ya ƙirƙiro shi, George Papanicolaou, mutumin Girka da ya yi aiki a Amurka, kuma tun shekarun 1940 ake amfani da shi. Ana goge saman bakin mahaifa da ɗan buroshi mai laushi, a shimfiɗa abin da aka samu a gilashi, a duba siffar ƙwayoyin halittar. Idan an rubuta ASC-US, ana nufin an ga ɗan sauyi wanda ba a tabbatar da ma'anarsa ba, kuma sau da yawa kumburi ne ko sanyi ya jawo shi. LSIL sauyi ne mai sauƙi, irin wanda sabuwar shigar HPV ke kawowa, wanda yawanci ke gushewa da kansa. HSIL, wanda aka rubuta miki, sauyi ne mai zurfi da bai kamata a zuba masa ido ba. To amma gwajin Pap manuniya ce kawai, shi ya sa aka ɗebi tsoka domin a tabbatar.

Ki ɗauki fatar da ta lulluɓe bakin mahaifa kamar bango mai sahu uku na tubali. Idan sauyin ya tsaya a sahun ƙasa, shi ne CIN 1, kuma mafi yawansa yana komawa daidai ba tare da an taɓa shi ba, sai dai a riƙa bibiya. Idan ya hau zuwa kashi biyu cikin uku, shi ne CIN 2, wato naki. Idan ya kusa cinye kaurin bangon duka, shi ne CIN 3. Dukkan ukun suna zaune ne a saman fata, ba su huda zuwa naman da ke ƙasa ba, kuma wannan hudawar ita ce ake kira sankara. Ke nan abin da ke jikinki bai zama kansa ba, an tare shi a hanya, kuma domin irin wannan tarewar aka ƙirƙiro gwajin tun farko.

Aikin da za a yi miki ɗaya ne daga cikin hanyoyi uku. Ana iya ɗora wa wurin kan wata 'yar na'ura mai zafin da ya kai kimanin digiri 100 na ƙasa da minti ɗaya, ko a daskarar da shi da iskar gas mai tsananin sanyi, ko kuma a kashe zafin wurin da allura a yanke ɓangaren da ya sauya da wata siririyar waya mai aiki da lantarki, wadda likitoci ke kira LEEP. Girman wurin da yadda ya shiga ciki su ne ke sa a zaɓi ɗaya a bar ɗaya. Ba a kwantar da mutum, ba a cire mahaifa, kuma ba a taɓa ƙwan haihuwa. Bayan aikin za ki ga ruwa yana zuba, wani lokaci da ɗan jini, har tsawon mako biyu zuwa huɗu. Wannan ruwan rauni ne da ke warkewa, ba jinin al'ada ba ne, kuma ki faɗa wa malaman addini haka idan za ki tambaye su hukuncin sallarki. A tsawon wata guda ki nisanci saduwa, kada ki cusa komai a gabanki, ko matsi ne ko wani haɗin kayan mata, kuma ki bar zama cikin ruwan bagaruwa ko tsugunon turare har wurin ya warke. Idan jini ya yi yawa, ko zazzaɓi ya zo, ko ruwan ya soma wari, ki koma asibiti a ranar.

Maganar ƙawarki kuwa ba haka take ba. Mata masu ɗimbin yawa sun ɗauki ciki sun haihu lafiya bayan wannan aiki. Abin da ke akwai, kuma ba zan ɓoye miki ba, shi ne idan ɓangaren da aka yanke da wayar yana da girma, ko aka maimaita aikin, haɗarin haihuwa kafin wata tara yana ɗan ƙaruwa. Don haka ki gaya wa likitan da zai yi aikin cewa kina son ƙarin haihuwa, kuma duk ranar da kika fara zuwa awon ciki ki ambata musu cewa an taɓa yi miki. Bayan shekara ɗaya za a sake gwada ki, domin a wurin mata kaɗan sauyin yana dawowa, kuma wannan komawar tana cikin maganin.

TAMBAYA: Likita, mu ɗalibai ne a ɗakin kwana, muna amfani da banɗaki ɗaya da buta ɗaya. An ce a nan ake ɗaukar HPV kamar yadda ake ɗaukar ciwon sanyi. Gaskiya ne?
Daga wata ɗaliba, Katsina.

AMSA: 'Yata, ba a san banɗaki ko buta ko cin abinci a kwano ɗaya ko musabaha a matsayin hanyar ɗaukar nau'in da ke kama bakin mahaifa ba, kuma ba ta bin jini kamar ƙanjamau. Abin da ake kira ciwon sanyi ma suna ne da muka tara cututtuka da yawa a ƙarƙashinsa, wasu ƙaiƙayi ne da ke tasowa daga sauyin yanayin gaban mace ita kanta, wasu kuma ta saduwa ake samunsu. HPV mai haɗari ba ta ƙaiƙayi, ba ta fitar da farin ruwa, ba ta da wata alama ko kaɗan a farkonta, kuma wannan shirun nata ne ya sa ake gwada mace tana cikin ƙoshin lafiya. Ku ci gaba da tsaftace banɗakinku saboda wasu cututtukan, irin su gudawa da taifot.

TAMBAYA: Likita, an zo makarantar su 'yata mai shekara 10 za a yi allurar rigakafin sankarar mahaifa, na hana, domin na ji ana cewa tana hana haihuwa. Kuma in dai ta hanyar saduwa ake ɗaukar cutar, me ya haɗa yarinya ƙarama da ita?
Daga wani uba, Daura.

AMSA: Alhaji, tambayarka ta uba ce mai kishin 'yarsa, kuma ta cancanci amsa cikakkiya. Dalilin yi wa yarinya tun tana ƙarama shi ne allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta ɗauki ƙwayar, aikinta shi ne ta koya wa jiki ya gane ta tun kafin su haɗu, kamar yadda ake gyaran rufin ɗaki tun da rani. Jikin yarinya mai shekara 9 zuwa 14 ya fi na babba karɓar wannan darasi, har allura ɗaya takan wadatar. Babu wanda ke zargin tarbiyyar 'yarka. Wata rana za ka aurar da ita, kuma kamar yadda na bayyana wa uwargidan da ta buɗe wannan fili, aure na halal ma yana iya kawo ƙwayar, tunda mijin da ke ɗauke da ita bai san yana da ita ba.

Babu ƙwayar cuta mai rai a cikin allurar. Kwaikwayon ɓawon ƙwayar ne kawai aka yi, babu komai a cikinsa, jiki ya gan shi ya tanadi makami. An fara amfani da ita a duniya a 2006, Ostareliya ta soma yi wa 'yan matanta a 2007, Ruwanda kuma a 2011, kuma da yawa daga cikin 'yan matan da aka yi wa a wancan lokaci yau iyaye ne. Binciken da aka yi ta yi a tsawon shekarun nan bai nuna tana hana haihuwa ba. Wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2021 ya nuna sankarar bakin mahaifa ta ragu da kashi 87 cikin 100 a tsakanin matan da aka ba damar yin rigakafin suna da shekara 12 zuwa 13. Abin da ke raba mace da haihuwa shi ne ita sankarar, domin maganinta kan kai ga cire mahaifa ko gashi da na'ura.

A Najeriya an shigar da allurar cikin jerin rigakafin yara a ranar 24 ga Oktoba, 2023, aka fara da wasu jihohi, da burin kaiwa ga 'yan mata miliyan 7.7, sannan zagaye na biyu da ya haɗa da sauran jihohi ya biyo baya a watan Mayun 2024. Kyauta ake yinta, kuma irin da ake bayarwa tana kariya daga nau'i huɗu, wato 6 da 11 da 16 da 18. Dalilin wannan himma a bayyane yake, domin a ƙiyasin shekarar 2020 mata kimanin 12,000 ne suka kamu da wannan sankara a ƙasar nan, kimanin 8,000 suka rasu. Abin da yarinya kan ji bayan allurar shi ne ciwon dantse na kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ɗan zazzaɓi ko jiri, shi ya sa ake zaunar da ita minti 15 kafin ta tafi. Ka kai ta asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ku, ka tambayi mai kula da rigakafi, ka kuma nemi a nuna maka kwalbar ka karanta da idonka idan hakan zai kwantar maka da hankali. Idan ta girma ta kai shekara 30, za ta buƙaci gwaji duk da haka, tunda allurar ba ta rufe dukkan nau'o'in ba. Mahaifiyarta ma, in ba a taɓa gwada ta ba, ku yi tafiyar tare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara gwajin HPV daga shekara 30, a maimaita duk bayan shekara 5 zuwa 10, ga mace mai ɗauke da ƙanjamau kuwa daga shekara 25, duk bayan shekara 3 zuwa 5, domin haɗarin kamuwarta da wannan sankara ya ninka na sauran mata sau shida.

TAMBAYA: Likita, mahaifiyata tana da shekara 58, al'adarta ta ɗauke tun shekara takwas da suka wuce, amma wata uku ke nan tana ganin jini jefi-jefi da wani ruwa mai wari, ga ciwon baya. Tana jin kunyar zuwa asibiti, ta ce sanyi ne, tana shan jiƙo. Ko in kai ta irin gwajin kyautar da ake yi?
Daga wata 'ya, Rafin Daɗi, Katsina.

AMSA: Ƙanwata, amsarki ta bambanta da duk waɗanda suka gabata, kuma ina so ki ɗauke ta da gaggawa. Gwajin da muke ta magana a kansa na matan da ba su da wata alama ne. Mama tana da alama, don haka abin da take buƙata shi ne likitan mata ya duba ta da idonsa, ya ɗebi tsoka idan ya ga dalili, ya kuma yi hoton mahaifa. Kada ki jira ranar gwajin kyauta. Jini bayan ɗaukewar al'ada, ko jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, duk alamu ne da ba a yi musu jinkiri. Ba lallai ne ya zama sankara ba, domin bushewar fatar wurin saboda shekaru, ko wani tsiro marar haɗari a cikin mahaifa, su ma suna kawo jini. Amma yana iya zama sankarar bakin mahaifa ko ta cikin mahaifar, kuma wadda aka gano da wuri ana warkewa daga gare ta ta hanyar tiyata ko gashi da na'ura haɗe da magani, yayin da kowane wata na jinkiri ke rage wannan dama.

Kunyar Mama abin fahimta ce, mace mai jikoki ba ta son buɗe jikinta ga wanda ta haifa a shekaru. Ki gaya mata tana da haƙƙin neman mace ta duba ta, ko a ƙalla ma'aikaciyar jinya ta tsaya a ɗakin, kuma ke ma kina iya zama kusa da kanta ki riƙe mata hannu. Idan maganarki ba ta shiga ba, ki nemi wadda take jin nauyinta, yayarta ko aminiyarta ko malamarsu ta Islamiyya, ta yi mata magana. Ku tafi sashen likitocin mata na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ko Babban Asibiti, ku je da sassafe domin a samu kati, ku tafi da duk magungunan da take sha har da jiƙon, ki kuma rubuta ranar da jinin ya fara da yawan zuwansa, domin likita zai tambaya. Ki sake rubuto mana bayan an duba ta. Allah ya ba Mama lafiya.